Na kai samfurina gwajin ITC a wani ɗakin gwaji a Jidda, ga yadda ta kaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun kafin azumi wasu ƙawayena biyu da ke karatun kemistri, ɗaya a Riyad ɗaya a Madina, suke ta damuna a waya wai ina na kai samfurina aka yi min gwajin ITC, wato awon ƙarfin riƙo tsakanin sinadarai biyu ta hanyar zafin da ke fita in sun haɗu, kuma wajen ya ci kuɗinsa ko bai ci ba, toh na gaji da maimaita magana ɗaya a saƙon murya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya amfana. Ba zan faɗi sunan wajen ba saboda akwai abubuwan da suka ɓata min rai kuma zan faɗe su, abin da zan ce kawai ɗakin gwaje-gwaje ne da ke karɓar aikin mutanen waje a biya, yana can arewacin Jidda.

Bari in fara da bayanin aikin don wanda ba fanninsa ba ne, don ko gwaggona da nake zaune wajenta sai da na ɗauko ƙaramin tulu da lemon tsami na gwada mata kafin ta gane. A wannan reshe na kemistri muna haɗa wata babbar ƙwayar sinadari mai rami a tsakiya, muna ce mata mai masauki, sai wata ƙarama ta shige cikin ramin ta zauna, ita ce baƙo. Ba wai sun narke sun zama abu ɗaya ba ne, a'a, riƙo ne kawai, baƙon zai iya fita wani ya shiga. Tambayar da kowa ke yi ita ce riƙon nan ya kai ina, shi ne muke aunawa da wata lamba da ake kira K, in ta yi girma riƙo ya yi ƙarfi. Fannin ba sabo ba ne, tun 1967 Charles Pedersen ya fitar da aikinsa kan zobban da ake kira crown ether yana kamfanin DuPont a Amurka, kuma a 1987 aka ba shi kyautar Nobel tare da Donald Cram da Jean-Marie Lehn na Faransa.

Nawa mai masaukin sunansa cucurbituril, mu dai CB7 muke cewa, kuma sunan daga dangin kabewa aka samo shi don siffarsa kamar kabewar da aka fafe sama da ƙasa. Wani Bajamushe Behrend ne ya fara haɗa irinsa a 1905 ba tare da an san ainihin siffarsa ba sai 1981, sannan a 2000 Kimoon Kim na Koriya ta Kudu ya fitar da sauran 'yan gidan har da wannan nawa mai guntaye bakwai a zobensa. Cikinsa ba ya son ruwa, bakinsa biyu kuma zagaye suke da oksijin masu jan duk abin da ke da cajin lantarki na positive, don haka in baƙo yana da jiki mai maiƙo da kan amoniyam sai jikin ya shige ciki ya kori 'yan ƙwayoyin ruwan da dama a takure suke, kan kuma ya tsaya a bakin ƙofa. Wallahi duk lokacin da na tuna yadda abin ke dacewa sai na ce Subhanallah. Maganin nan amantadine yana riƙe da CB7 da K wajen 10^12, kuma a 2014 ƙungiyar Lyle Isaacs ta ba da rahoton wani baƙo na diamantane da ya kai 7.2 × 10^17 a cikin ruwa, alhali furotin ɗin avidin da bitamin biotin da ake kafa misali da ƙarfin riƙonsu a jikin halitta wajen 10^15 suke. Abin da mutum ya haɗa da hannunsa ya zarce wancan, shi ya sa na maƙale wa fannin nan.

Toh ni baƙi huɗu na haɗa, na fara da NMR, injin maganaɗisu da ke nuna sinadari a matsayin layuka, a sashenmu kamar kowa. Ina zuba mai masauki sai na ga layukan baƙon sun koma can gefen dama alamar ya shiga rami, na yi murna sosai, amma matsalar ita ce a yawan sinadarin da NMR ke buƙata komai ya riga ya shige ciki, babu baƙon da ya rage a waje da za a kwatanta da shi, iyakar abin da zan iya cewa shi ne K ta wuce 10^5 ko makamancin haka. Duktur ɗina ya duba ya ce wannan sai ITC, namu injin kuma ya fi wata uku yana jiran wani ƙarfe daga waje. Haka na fara cigiya har aka kwatanta min wajen nan.

Ranar Lahadi na je da safe don nan ita ce farkon mako. Wajen karɓar baƙi gaskiya ba su burge ni ba, na yi kusan awa ɗaya a zaune, an karɓi igamata, wato katin izinin zama, an kwafa an dawo an ce takardar jami'a babu hatimi, na kira sashenmu aka turo wata, sannan fom ɗin da suka ba ni na masu kawo furotin ne, tambayoyin ciki ko ɗaya bai shafi aikina ba. Har na fara tunanin tafiya sai aka ce in shiga ciki in ga mai kula da injin.

Nan ne labari ya canza. Dattijo ne da farar riga ta aiki, muna gaisawa da Larabci ya kalli sunana a takarda ya ce "'yata, daga ina a ƙasar Hausa?" Ashe Bahaushe ne haifaffen Makka, a Sharamansur ya tashi, kakansa ne ya taho aikin hajji ta Sudan a ƙasa ya zauna. Hausarsa irin ta mutanen nan ce mai gauraye da Larabci, kowace jimla sai ka ji yani ko mushkila ko tamam. Daga ranar Baba nake ce masa. Amma kada wani ya ɗauka don ya zama ɗan gida ne nake yabonsa, don tambayar farko da ya yi min sai da ta sa na yi shiru. Ya ɗaga kwalbata ya ce "wannan da kika rubuta 0.1 milimola, auna shi kika yi ko lissafi kika yi daga sikeli?" Na ce daga sikeli ne Baba, na auna garin da kyau. Ya ce garin CB7 shan ruwa yake yi daga iska, balle iskar Jidda da ke jiƙe kullum, sannan akan samu ragowar asid maƙale a jikinsa tun daga wajen haɗawa, don haka abin da sikeli ya nuna ba duka ne mai masauki ba. Ya ce zai sa min a injin in gani da idona.

Injin ƙarami ne, bai fi akwatin burodi girma ba, amma ɗakinsa daban da na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashewa kuma ba a son a riƙa buɗe ƙofa. A cikinsa akwai 'yan ɗakuna biyu kamar kwabo, ɗaya na ruwa zalla ɗaya na samfuri, kowanne yana cin wajen mikrolita 200. Na tsaya a bayansa ina kallo, ya zuƙi ruwan mai masaukin da wata sirinji ta gilas mai doguwar allura, ya ɗaga ta sama wajen fitila yana ɗan ƙwanƙwasa ta da farce har wani ɗan kumfa da ni ban ma gani ba ya hau sama ya fitar da shi, sannan ya zura allurar a hankali har ta taɓa ƙasa ya ɗan ɗago ta, ya tura ruwan sannu sannu, a ƙarshe ya yi 'yan turawa uku da sauri don korar kumfan da zai iya maƙalewa a ciki. Ya ce kumfa ɗaya ya isa ya ɓata aikin awa biyu. Baƙon kuma yana cikin wata sirinjin ta mikrolita 40 wadda bakinta a baje yake kamar ƙaramar muciya, ita ke juya ruwan tana kuma ɗiga baƙon. Ɗigo 19 ya saita, na farko ɗan mitsitsi ne wanda ake zubarwa a lissafi, sauran mikrolita 2 kowanne, da tazarar minti biyu da rabi.

Abin da injin ke ji zafi ne kawai. Duk ɗigon da ya faɗa baƙi suka shige ramuka sai ɗan zafi ya fita, injin ya rage wutar da yake ba ɗakin samfurin don ya daidaita da ɗayan, sai ka ga layi ya faɗo ƙasa a kwamfuta kamar ƙaya ya koma. Ƙayoyin farko dogaye ne don ramuka duk a buɗe suke, can tsakiya sai su fara gajarta, a ƙarshe in masauki ya cika sai 'yan ƙanana. Daga wannan lanƙwasar guda ɗaya ake samun K, a samu yawan zafin, a kuma samu n wato baƙi nawa ke shiga rami ɗaya, shi ya sa masu wannan harka suke ji da ITC. Na zauna ina kallon ƙayoyin nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, shekara guda ina haɗa sinadaran nan, ranar ce na fara ganin suna magana.

Da aka gama sai n ta fito 0.8 da 'yan kai. Ramin CB7 baƙo ɗaya irin nawa yake ɗauka, ya kamata a ga 1. Baba ya juyo ya ce "kin gani ko 'yata, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da kika auna ruwa ne da tarkace." Sannan ya faɗa min abin da ya sa na yarda da shi har zuciya, ya ce a manhajar akwai inda zai danna ya tilasta n ta zama 1 hoton ya fito tsaf kuma babu wanda zai tambaye shi, amma shi ba ya yi, don ba a san ko kuskuren a mai masauki yake ko a baƙo ba, in kuma a baƙo yake to har K da zafin duk sun gurɓata. Ya ce in koma in tabbatar da yawan kowanne. Na koma sashenmu na auna su da NMR tare da wani sinadari da aka san adadinsa daidai, wasu kuma da wani baƙo mai suna cobaltocenium suke yi a injin UV mai auna hasken da sinadari ke sha, duk hanya ce. Lissafi ya fito kusan yadda ya faɗa. Bai caje ni kuɗin wannan zagayen farko ba, ya rubuta shi a matsayin gwajin share fage.

Akwai kuma samfuri ɗaya da ya ƙi karɓa sam sai na gyara shi. Baƙona na uku ba ya narkewa sosai sai na ɗan sa masa DMSO kaɗan, wani ruwan narkar da sinadarai, ban sa a ruwan mai masaukin ba. Ya ce zafin haɗuwar DMSO da ruwa shi kaɗai zai danne zafin riƙon da nake nema, dole ruwan sirinji da na ɗakin samfuri su zama iri ɗaya sak, gishiri ɗaya, pH wato ma'aunin tsami ɗaya. Kuma kowane baƙo sai ya yi masa zagaye na daban inda ake ɗiga shi cikin ruwa zalla babu mai masauki don a cire zafin tsarma. Raina ya ɗan sosu a lokacin don daga kudancin gari nake tahowa cikin cunkoso, amma gaskiyarsa ce.

Wani abin da na ƙaru da shi shi ne zancen lambar c, wadda Wiseman da abokan aikinsa suka kawo tun 1989, wato K sau yawan mai masaukin da ke ɗakin samfuri. In ta yi ƙasa sosai layin yakan miƙe babu lanƙwasa, in ta wuce wajen 1000 kuma sai ya zama kamar matattakala, dogayen ƙayoyi sannan faɗuwa lokaci ɗaya, injin zai ba ka wata lamba amma ba abin dogaro ba ce. Uku daga cikin baƙina sun faɗa tsakiya lafiya, na huɗun mai jikin adamantane irin na amantadine kuwa matattakala ya bayar. Sai aka yi masa gwajin gasa, aka fara cika ramukan da wani baƙo mai matsakaicin riƙo wanda aka riga aka auna nasa K a wannan ruwan, sannan aka ɗiga mai ƙarfin yana korar na ciki, da haka lanƙwasa ta dawo aka yi lissafi. Ba kowane waje ne zai tsaya ya yi maka wannan ba, ku tambaya tun kafin ku biya.

Yanzu ga inda suka gaza, kuma ba ƙaramin abu ba ne a wajena. Rahoton da ofis ya turo min bayan kwana 12 shafi biyu ne na PDF, hoto mai kyau, tambari mai kyau, K an rubuta ta da lambobi har huɗu bayan ɗigo, amma babu zafin da aka yi gwajin, babu sunan ruwan da aka yi amfani da shi, babu pH, babu girman kuskure. Jama'a K da babu waɗannan ba ta da amfani ko kaɗan. Ku ɗauki 18-crown-6, ɗaya daga zobban crown ether ɗin nan, da potassium, a cikin methanol K tana wajen 10^6, a cikin ruwa kuma wajen 100 kacal, mai masauki ɗaya baƙo ɗaya. Shi kansa CB7 in akwai sodium da yawa a ruwan sai ya tare bakin ƙofa yana gasa da baƙo, K ta sauka, shi ya sa sakamakon ruwa zalla da na ruwan phosphate ba a jera su wuri ɗaya kamar abu ɗaya ne. A digiri 25 duk ninki goma na K daidai yake da wajen kilojul 5.7 a kowace mola, ɗan bambanci ne a ƙarfi amma yana iya juya duk bayanin da mutum zai yi a kundinsa. Na kira ofis sau uku ina neman ainihin bayanan da injin ya fitar ana ce min sai manaja ya sa hannu, ga azumi ya shigo aiki ya koma rabin yini, sai da na sake zuwa da kaina Baba ya kai ni wajen manajan ya ce ai bayanan na mai samfuri ne, sannan aka sa min a filasha. Shi Baba duk abubuwan nan suna rubuce a littafinsa da biro, har lokacin da aka buɗe ƙofa layi ya ɗan girgiza ya rubuta, a ofis ne ake yanke su wajen shirya rahoto.

Sannan kuɗin da suke faɗa maka na zagaye ɗaya ne, ba su gaya min tun farko cewa maimaitawa kuɗinta daban ba, alhali babu mai karɓar K daga zagaye ɗaya, aƙalla sau uku ake so da sabon ruwa. Da aka haɗa da zagayen ruwa zalla da na gasa sai kuɗin ya ninka abin da na tsara fiye da sau uku, Allah Ya sa akwai ragowar kuɗin bincike. Ku nemi a rubuta muku jimillar komai a takarda ɗaya kafin a fara.

Suna kuma yin awon riƙo da NMR da UV, na ba su wani aiki ƙarami na cyclodextrin, wani mai masauki da aka yi da zoben sukari, na wata ƙanwa a sashenmu don mu gani. Awon kansa ba laifi, amma lissafin da tsohuwar hanyar Benesi da Hildebrand ta 1949 suka yi shi, suka haɗa da zanen Job, wani tsohon zane na gano baƙi nawa mai masauki ke riƙewa, a matsayin hujjar cewa mai masauki ɗaya baƙo ɗaya ne. Waccan hanyar an yi ta ne lokacin da babu kwamfuta sai an miƙar da layi da ruwla, zanen Job kuma tun 2016 masana irin su Pall Thordarson na Ostareliya suka nuna yana iya yaudarar mutum in akwai riƙo fiye da iri ɗaya. Mun karɓi ɗanyen bayanan muka zuba a manhajar BindFit, kyauta ne a intanet kuma ƙungiyar shi Thordarson ɗin ce ta yi shi, muka gwada ɗaya da ɗaya muka gwada ɗaya da biyu muka duba yadda ragowar kuskuren ya watsu. Don haka wannan ɓangaren ku biya awo kawai ku yi lissafinku da kanku.

Wata rana ina ba da labarin nan a gida 'yar gwaggona da ke aikin jinya a ɗakin tiyata a Makka ta ce wai duk wahalar nan a kan me, na tambaye ta ko ta san Bridion, ta ce kullum suna amfani da shi in za a farfaɗo da tsokar mara lafiya bayan aiki. Na ce toh shi ne sugammadex, cyclodextrin ne mai sukari takwas da aka yi wa gyara, yana bin rocuronium, maganin da ke saki tsoka lokacin tiyata, a cikin jini ya haɗiye shi cikin raminsa da K wajen 10^7, Turai ta amince da shi a 2008 Amurka a 2015, kuma da irin awon nan ne aka san ya riƙe sosai har zai iya janye maganin daga tsoka. Ta yi shiru tana kallona, ta ce ashe mai masauki da baƙon nan naki ne take ɗurawa mutane a jijiya. Na ji daɗin wannan ranar ƙwarai.

In za ku je, ku tafi da ruwan da kuka riga kuka tabbatar da yawansa, ku kai ragowar ruwan da kuka narkar da su a ciki kamar mililita 20 don wanki da zagayen ruwa zalla, mai masauki ku kai fiye da mikrolita 300 na kowane zagaye don cika ɗakin yana cin fiye da girmansa, kuma kada ku kai ranar Alhamis don zai kwana biyu a firji kafin a taɓa shi. Ku guji makonnin aikin hajji da goman ƙarshe na azumi. Ni zan koma wajen bayan sallah da wasu baƙi biyu da nake haɗawa yanzu, na riga na gaya wa Baba, ya ce in zo da sassafe kafin a fara buɗe ƙofa, kuma wannan karon a takardar farko zan rubuta cewa ina son ɗanyen bayanai da kwafin shafin littafinsa.